Yadda Na Yi wa Uwar Mijina Wanka da Ruwan Teku

Ko tsufa zai kwashe min komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tayar da igiyar teku a tsakiyar Matameye ba. E, Matameyen da kuka sani, garin gero da kasuwa, inda babban ruwanmu shi ne tabkin da damina ke barin mana a bayan gari. Ku gyara zama.

Maigidana a lokacin aikin fiton kaya yake yi a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Mazan mutane idan sun dawo daga tafiya, leshi suke kawo wa matansu, ko turare. Nawa kuwa, wata rana sai ga shi da wani akwatin gilashi mai tsawon gado a bayan mota, an kewaye shi da katifu kamar mara lafiya. Ya ce sunansa akwariyom, kuma kifin teku zai zuba a ciki.

Na ce, "Na miya?"

Ya kalle ni kamar na zagi kakarsa.

Makonni ya yi yana haɗa abin nan. Ga farin yashi, ga duwatsu masu ramuka, ga ruwan da sai an tace, ga wani gishiri na musamman a buhu (na taɓa ɗiba na sa a miyar kuka, don Allah kada ku gwada). Ya ƙara batura da farantan hasken rana a kan rufi, kada kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke kifi su sha wahala. Kilim ɗin nan mai sanyaya ɗaki da na daɗe ina roƙon a sa mana a salon, wato falo, nan da nan aka sa shi, wai kifi ba sa son zafi. Ni kuwa ashe ƙadangaruwa ce.

Gaskiya dai da kifin suka iso, na yafe masa. Akwai biyu masu ruwan lemo da farin zane kamar an ɗaura musu bandeji, akwai wani shuɗi mai rawayar wutsiya da ke yawo kamar shi ya biya kuɗin gidan. Idan aka kunna fitilar, sai ka rantse ba a duniyar nan kake ba.

Amma abin da maigida ya fi ji da shi wata 'yar na'ura ce da ba ta wuce dunƙulen hannu ba, mai farfela a cikin keji, kamar fankar 'yar tsana. Tana manne da gilashin daga ciki, wani baƙin mayen ƙarfe yana riƙe da ita daga waje. Wayarta ta tafi zuwa wani ɗan akwati mai butona da abin murɗawa. Ita ce ke kaɗa ruwan.

Ana gobe zai koma Kwatano ya zaunar da ni a gabanta.

"Madam, ki saurare ni da kyau. Teku ba ya barci. Kifin nan a cikin motsi aka haife su. Idan ruwa ya tsaya cik, iska ba ta shigarsa, datti kuma ya kwanta a bayan duwatsu ya ruɓe. Amma in ƙarfin ya yi yawa, shi ma masifa ce. Kin ga yadda na saita ta? Ba ta kallon yashi, ba ta kuma..."

Ina ta "to, to, na gane," alhali idona na kan waya, ina duba wani ɗinki da tela ya turo min. Abu biyu kawai suka shiga kaina: buton ɗin da ake dannawa lokacin ba su abinci don na'urar ta ɗan huta, da kuma "kada ki taɓa sauran."

Bayan tafiyarsa sai taron zumuncin matan danginsu ya zagayo kaina. Wata-wata ake yinsa, gida-gida. Manyan baƙina biyu ne. Ta farko Hajiya, mahaifiyarsa, daga Kance: mace mai sanyin magana wadda har lokacin ban iya cin abinci a gabanta ba don kunya. Ta biyu Gwaggo Hajara, ƙanwar mahaifinsa, daga Dawce, wadda tun da ta sauke farali, ko zancen farashin albasa aka ɗauko sai ta kai shi Saudiya.

Na yi shiri ba na wasa ba. Dambun zogale, shinkafa da kaji, zoɓo mai sanyi. Kuma da hannuna, ba wanda ya sa ni, na shimfiɗa wa Hajiya darduma da matashi daidai ƙarƙashin akwatin kifin, wai don hoto ya fi yin kyau. (Ku riƙe wannan, ni na zaɓa mata wurin.)

Mata suka shigo, suka ga kifi, aka manta da gaisuwa. Tambayoyi suka yi ta zuwa. Suna barci? Suna sanin mai gida? Me suke ci? Ina ta amsawa, wanda na sani da wanda na ƙirƙira a nan take. Sai Zuwaira, ƙanwar maigida, ta ce, "Anti, ke kin taɓa ganin tekun da idonki?"

Ni da iyakar tafiyata Kano ce, sai na ji bakina ya ce, "Sau nawa kuma!"

Hajiya ta ɗago ta kalle ni, ta mayar da kai kan carbinta.

Duk wannan lokacin Gwaggo Hajara na tsaye ta goya hannu a baya, tana leƙen gilashin ta saman tabarau. Can ta taɓe baki.

"Wannan ne tekun da ake ta sa mana a waya? Ni da na tsaya a bakin teku a Jidda, ruwa na tasowa kamar zai haɗiye mutum? 'Yar nan, wannan ai randa ce aka sa wa fitila."

Mata suka kwashe da dariya. Wallahi har cikin ƙashina na ji ta. Randa! Abin da aka sa wa kilim!

Na ce, "Haba Gwaggo, ai rage shi muka yi saboda baƙi. Igiya kike son gani?"

Na nufi ɗan akwatin nan da tafiyar wadda ta san abin da take yi. Na murɗa abin murɗawar. Ruwan ya ɗan ƙara gudu, amma ba abin a-zo-a-gani ba. Sai na danna wani buton da ban taɓa dannawa ba, na sake dannawa, har fitilarsa ta canza launi. Na'urar ta fara wani sabon salo: ta yi wuu, ta yi shiru, ta yi wuu, ta yi shiru. Ruwan ya soma karkata daga wannan gefe zuwa wancan, kamar ruwa a daro bisa kan mai sauri.

"Lah! Ikon Allah!" Wayoyi suka tashi sama. Gwaggo da kanta ta cire tabarau ta goge.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na ƙara murɗawa, na juya wa akwatin kifin baya, na fuskanci jama'a, na buɗe lacca. Na ba su labarin tekun Kwatano, da jiragen da suka fi masallacin Juma'a girma, da yadda igiya ta taɓa jiƙa min zani har gwiwa.

Abin da ban sani ba (kuma tabbas yana cikin bayanin da ɗinki ya cinye min) shi ne, idan bugun na'urar ya yi daidai da kai-komon ruwan, kowane turi ƙaruwa yake a kan na baya, kamar mai tura yaro a lilo. Ina magana ina ganin idanun mata na tafiya hagu, dama, hagu, dama, bakuna na buɗewa. Na ce a raina, yau fasaha ta sauko min.

Sai na ji faca!

Na waiwaya. Igiya ta haura bakin gilashin ta sauka a kan Hajiya. Ɗankwali, mayafi, sabuwar shaddarta, komai. Kafin in ce innalillahi, ruwan ya tafi wancan gefen, ya dawo da ƙarfinsa, ta biyu ta sauka a cikin tiren dambu.

Na afka wa butonan nan ina dannawa kamar mai kiran lambar da ta manta. Fitilu suka yi ta walƙiya, ƙarar ta ƙaru. Cikin ruɗewa na hangi baƙin abin nan a jikin gilashin daga waje, na ce wannan ne makashin, na fizge shi. Mayen ƙarfen ne. Na'urar ta saki gilashi ta faɗa ƙasa, ta kafa hanci a yashi, nan take ruwan ya koma fari kamar an dama kamu. Daga nan ta wulwulo a jikin wayarta ta taso sama, farfela rabi a ruwa rabi a waje, ta shiga yi wa salon ɗin feshi ba zaɓe.

Mata suka watse. Wadda ta riga kowa isa ƙofa ita ce Gwaggo Hajara, jarumar Jidda, ta bar tabarau a kan darduma.

Hajiya kaɗai ce ba ta motsa ba. Ruwa na ɗiga daga haɓarta ta ce, a hankali kamar kullum, "'Yar nan, goge hannunki tukuna, sannan ki cire wayar daga bango."

Na goge, na cire. Salon ya yi tsit. A cikin shirun nan muka ji wani ɗan fal-fal-fal. Ɗaya daga cikin masu bandejin ne, kwance a cinyar Hajiya, a cikin lanƙwasar mayafinta. Ta tallabe shi da hannu biyu, ta miƙe, ta yi bisimilla ta sake shi a ruwa.

"Koma gida, bawan Allah. Ba laifinka ba ne."

To yanzu fa? Ruwa fari fat, ba a ganin kifi ko ɗaya, na'ura na reto. Na san yadda mutumin nan yake son halittun nan, kuma a hannuna ya bar su. Dole a kira shi. Ina ta jinkiri, sai Zuwaira ta karɓi wayar ta yi kiran bidiyo, ta buɗe murya yadda kowa zai ji (Allah ya saka mata, ban ce da me ba).

Fuskar mahaifiyarsa ya fara gani. "Hajiya, ina wuni? A'a, ruwa ake yi a Matameye?"

Zuwaira ta juya wayar ga akwatin. Ya gani, ya dafe kai.

"Madam. Me kika taɓa?"

"Ɗan kaɗan na murɗa."

"Me ya kai ki?"

Kafin in haɗa amsa, Gwaggo ta leƙo daga bakin ƙofa. "Ai nuna mana take yi yadda ta ga igiya a Kwatano, ranar da ta jiƙa mata zani."

"Kwatano?" Duk da halin da yake ciki sai da dariya ta ƙwace masa. "Gwaggo, wace Kwatanon? Wannan da ko Ƙonni ba ta taɓa kaiwa ba? Ko tabkin bayan gari ba ta yarda ta matsa kusa da shi."

Jama'a, akwai kunyar da mutum ke sunkuyar da kai, akwai wadda kan ma ba ya sunkuyuwa. Na tsaya ƙiƙam da mayen ƙarfe a hannu, ina roƙon ƙasa ta tsage. Ƙasar Matameye kuwa ba ta da wannan tausayin.

Bai bar ni na gama mutuwa ba. Ya ce a mayar da na'urar yanzu-yanzu, don ruwa mai ƙura da ya tsaya cik zai shaƙe kifin. Haka na naɗe hannun riga na zura hannu har kafaɗa, yana ba ni umarni ta waya. In manna ta a tsakiyar tsayin gilashin. In juya hancinta ta kalli tsawon akwatin, ta ɗan ɗaga sama yadda fuskar ruwa za ta riƙa rawa kaɗan, ba yashi ba. In mayar da abin murɗawar ƙasa. In cika abin da ya zube daga bidon, wato jarkar ruwan gishirin da ya haɗa ya ajiye. Matan da suka gudu duk suka dawo suka zama 'yan amshi.

"Ya ce hagu!"

"Ba wannan hagun ba, Anti!"

Wajen la'asar yashi ya fara kwantawa. Masu bandeji suka fito su biyu, lafiya lau. Shuɗin nan kuwa ya shige ramin dutse, sai da ya yi kwanaki kafin ya sake kallona, kuma ban ga laifinsa ba.

Na fito wa Hajiya da kayana mafi kyau ta canza. Shaddarta da ta bushe a igiyar shanya, gishiri ya zana mata farar taswira tun daga kafaɗa har ƙasa. Na durƙusa ina ba ta haƙuri.

Ta ce, "Tashi, ba komai. Ni da na je Makka ban samu ganin teku ba, daga jirgi sai mota. Ga shi yau ya biyo ni har Matameye."

Shinkafa muka ci. Dambu kam ko awaki sun ƙi shi.

Taro na gaba a gidan Hajiya aka yi, a Kance. Ina shiga aka tarbe ni da "Maraba da Uwar Teku," sunan da har 'ya'yan dangi suka gada. Ana cikin hira zafi ya dame mu, ga fanka a tsaye tana juyawa a hankali. Na miƙe da niyyar alheri zan ƙara mata gudu. Hannuna bai kai ba na ji muryar Hajiya daga bayana.

"A'a, 'yar nan. Zauna abinki. Mun gode, haka ma ya isa."

Tun daga ranar na riƙe darasi biyu. Idan ana yi maka bayanin na'ura, ajiye waya ka buɗe kunne. Idan kuma wani ya raina abinka ya kira shi randa, ka ce, "Randa ce, Gwaggo," ka tura mata tire gabanta.