Fitila da Rana Tsaka

Ba zan taɓa mantawa da ƙamshin safiyar nan ba: ɗanyar citta da aka tsattsaga aka shanya a bakin titi, ta gauraya da warin fetur na babur ɗina. Har yau in aka jefa mini citta a shayi, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, kunyar ta dawo sabuwa fil.

Shekarata ta farko ke nan a aikin koyarwa. Daga Zariya aka turo ni wata sakandare a wani ƙauye kan hanyar Manchok, na kama ɗaki a Kafanchan, bayan layin dogo. Ban san kowa ba. Ba kuma wanda ya yi mini mugunta, kada in ɗauki alhakin mutane. A ofishin malamai ana hira da yare ana shewa, in an ga na yi zuru sai a juya zuwa Hausa saboda ni, nan take hirar ta mutu kamar an zuba wa garwashi ruwa. Da yamma in dafa 'yar taliya in ci a tukunya, in zauna bakin taga ina kallon tsofaffin taragun jirgi da ciyawa ta cinye. (Har waƙa na rubuta musu. Kada ku ce in karanta.)

A wannan yanki mace a kan babur ba abin kallo ba ce. Malamai, ma'aikatan asibiti, matan zumuntar coci da ɗaurin ɗankwalinsu, kowacce tana tuƙa abinta. Ni ma na yi sha'awa, na sayi jar roba-roba, ƙaramin babur ɗin nan mara nauyi, a hannun wata nas da ta yi ritaya. A filin firamare ta koya mini: ga kik, ga giya, ga birki, ga hon. “Sauran hanya zai koya miki,” in ji ta. Ranar Lahadi na saye ta, don haka na raɗa mata suna Ladi. Da ita nake hira. Ku gafarce ni, ita kaɗai ce ba ta canja yare in na iso.

Ranar da na fara hawa titi, sai ga wani ɗan acaɓa yana tahowa. Da muka kusa gittawa ya ɗaga hannu ya buɗe yatsunsa, ya rufe, ya buɗe, ya rufe, yana kallona. Ban yi nisa ba wani ma ya yi. Mai faci ya yi daga ƙarƙashin rumfarsa. Wata mata da goyo ta yi. Kai, har direban motar haya ya zuro hannu ta taga ya yi mini.

Zuciyata ta narke. Na ce ashe haka ake gaisuwa a nan! Da yake ni malamar adabi ce, kafin in kai makaranta har na yi wa abin fassara: buɗewar tana nufin ga zuciyata, rufewar kuma na riƙe ki. Washegari na koyi sakin hannun hagu in mayar musu. Wasu in na mayar sai su ɓata fuska su ƙara yi da ƙarfi, ni kuma in ce Allah sarki, ji ƙauna. Akwai ranar da wani ya ɗaga murya, na jiyo shi ta cikin hular kwano yana cewa, “Wuta! Malama, wuta!” Na ɗauka zuga ni yake yi in ba ta wuta. Na murɗa totur na wuce shi a guje, ina murmushi.

A kwanar da ke gab da gada akwai wata tsohuwa da ke zama gindin mangwaro, tana korar awaki daga shanyar citta. Da fari kallona kawai take yi. Daga baya ita ma ta shiga sahu, kuma da hannu bibbiyu take yi, tana dariya ba haƙori ko ɗaya. Kaka na riƙa kiranta a raina. Saboda ita nakan rage gudu.

Mama kuwa tun zuwana hankalinta bai kwanta ba. Kullum a waya maganarta ɗaya, Kawu ya san wani a ma'aikatar ilimi, a nema mini canji in dawo gida. Da ni ma ina so. Amma a lokacin na ce mata, “Mama, ki ce wa Kawu ya bari. Garin nan sun karɓe ni. Daga ƙofar gida har makaranta gaishe ni ake yi, babba da yaro.”

Ta ce, “Ke da ko sallama sai an roƙe ki ki ɗaga murya?”

Na ce, “Ai a nan ba a buƙatar murya.”

Ƙarshen zangon farko aka kira taron iyaye da malamai. Lokacin girbin citta ne, ƙamshinta ya cika hanya, kuma da safen nan na sha gaisuwa fiye da kullum. An jera benci a ƙarƙashin itatuwa, iyaye sun cika maƙil. Bayan an gama maganar rufin aji da iska ta yaye, shugaban makaranta ya ce sabuwar malamarmu ta adabi ta ɗan ce wani abu.

Da na ce na gode na zauna, da yanzu ba ni da labari. Amma ina! Na miƙe na gyara murya. Na ce na zo garin nan kamar tsuntsuwar da ruwa ya kora daga sheƙarta. Na ce na karanta littattafai da yawa, ban taɓa cin karo da al'ada mai daɗi irin tasu ba, mutanen da ke gaishe da baƙo da zuciyarsu a tafin hannu. Sannan na ɗaga hannuwana biyu sama, a gaban iyaye da malamai da limami da fasto, na buɗe, na rufe, na buɗe, na rufe.

Ina jin kukan wata akuya daga can bayan katanga.

Sai wani mutum ya miƙe daga bencin baya, yana murza hularsa a hannu. Baban Godiya ne, 'yarsa tana ajina, kuma na gane fuskarsa: shi ne ɗan acaɓan ranar farko.

“Malama, ka yi haƙuri fa,” ya ce. “Wannan abu ba gaisuwa ba ne. Wutan mashin ka ne yana kunne. Tun da aka buɗe makaranta muna gaya maka ka kashe, kai kuma kana ta yi mana bai-bai.”

Wata mata ta ce, “Wayyo, yarinya!” Daga nan dariya ta ɓalle. Ba ta mugunta ba ce, wannan ne ma ya fi ciwo. Wani tsoho yana share hawaye yana cewa su a tasha har gardama suka yi, wasu suka ce kurma ce, wasu suka ce batir ne ya yi mata yawa. Shugaban makaranta ya cusa fuska cikin hankici wai tari yake yi.

Ban san yadda na kai bayan ofis inda nake ajiye Ladi ba. Na buga kik, na bar ta tana aiki, na zagaya gabanta, abin da ban taɓa yi ba. Ga fitila nan tana kallona tar, da rana tsaka. In na kashe inji takan mutu, in na hau kuma ba na ganinta. Na laluba na sami ɗan makunnin kusa da babban yatsana. Ƙis. Shi ke nan.

Na komo Kafanchan ran nan ba wanda ya ɗaga mini hannu. Mai faci yana facinsa, masu acaɓa suna wucewa idonsu na kan hanya. Ban taɓa sanin hanyar tana da tsawo haka ba.

Bayan hutu na dawo da sabuwar ɗabi'a. In sauke gilashin hular kwano, in kafa ido a kwalta, ba dama ba hagu. A kwanar gada ma ƙara gudu nake yi, don na tabbata labarina ya isa gindin mangwaron nan. Ɗalibai suka sa mini Malama Wuta. Ban gaya wa Mama ba, ban kuma nemi canjin ba, domin sai na faɗi dalili. Haka kunya ta zaunar da ni a garin da na ce ƙauna ce ta zaunar da ni.

Sai bayan shekara biyu, na ɗan fara tsintar yaren har ina da masu zuwa mini yini, Mama ta ce in taho mata da busasshiyar citta. Na tsaya a kwanar gada. Wata mata ce ke shanya, ta dube ni ta dubi Ladi.

“Ke ne malama mai jan mashin?”

Na ce ni ce, ina jiran a tuna mini da fitila. Na tambayi tsohuwar da ke zama a nan. Ta ce uwar mijinta ce, ta rasu da daminar bara.

“Kullum yana maganan ki,” ta ce. “Shi bai san wuta ba, idonsa ma ba ya gani sosai. Ya ga kina yi da hannu, ya ce haka mutanen ku suke gaisuwa. Ya ce yarinyan nan baƙo ne, ba shi da kowa a nan, bari in koyi gaisuwan su. Da kin daina, ya yi ta tambaya, me na yi wa Malama? Amma bai bari ba. In ya ji ƙaran mashin ki, sai ya ɗaga hannu.”

Na biya kuɗin citta ban iya ko neman ragi ba.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: in an ɗaga miki hannu a hanya, fara duba fitilarki, amma ki amsa duk da haka, don ba ki san wane hannun ne naki ba. Yanzu in na zo kwanar nakan rage gudu, in saki hannun hagu, in buɗe in rufe wa inuwar mangwaron. 'Yan acaɓan da ke tahowa sai in ga sun sunkuya suna laluben makunnin fitilarsu.