Yatsu Uku Daga Sandar Marigayi

"Lafiya lau muka kwana, sai yanzu da na gan ka," in ji Kaka. Tana tsaye a ƙofar shagon jikanta mai aikin ƙarfe, guntun sanda a kowane hannu.

Sandar ƙarfe ce ta marigayi mijinta, dogon mutum da sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Shekara tara tana dogara ta, kafaɗa ɗaya a sama, an yi an yi a rage mata tsawo ta ƙi. Sau biyu mai waldan bakin titi yana ɗana mata ƙulu inda ta tsage, yau dai ta karye gaba ɗaya. Jikan na ganin yadda ta rungume guntayen ya san ba wasa ya kawo ta ba, shi ya sa ya fara da wasa.

"Amarya, wa kika doka?"

"Kai na taho doka, ta ji sunanka ta karye don ƙyama."

"To zauna. Ni ba irin maƙwabcina mai walda ba ne, da zai tofa wa ƙarfe yawu ya ce ya haɗa. Nan ba wayar walda. Goga su zan yi da juna har su yi ja su manne."

"Goga? Shekara hamsin ina goga cokali a tukunya, ban taɓa ganin sun manne ba."

"Ai nawa ce ta yi miki yawa. Kafin ki juya sau ɗaya injina ya yi dubu."

"Shi ya sa kanka ya juye."

Ya ɗauki zarto ya datse bakin karayar biyu don su zauna daidai. Ya ɗaure ɓarin mai mariƙi tamau, ya cusa miƙaƙƙen a muƙamuƙin injin, ya kunna. Cika baki kawai yake, amma a tsorace yake, don in haɗin bai kama ba sai an sake yanka, kuma bai san da wane ido zai dube ta ba.

Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, shago ya ɗauki ƙara. Kaka ta toshe kunne.

"Kai ja'iri, kuka take yi!"

"Guɗa take yi miki!"

Mahaɗar ta yi baƙi, ta koma ja jawur. Ya taka birki cak, ya danna da iya ƙarfinsa. Ƙarfen ya naɗo leɓe a kewaye.

"Ga shi ta turo baki kamar kai ran da aka yaye ka."

"Kamar ke dai in an ce likita ya hana sukari."

Da ta huce ya share leɓen, ya buga ta a ƙasa sau uku. Ko gezau. Sai a lokacin ya sauke numfashi, ya miƙa mata yana hura hanci. Kaka ta auna ta da ƙugunta, ta sake aunawa.

"Ɓarawo! Yatsu uku! Ina sauran sandar mijina?"

"Zarto ya ci biyu, guga ta ci ɗaya. Haka aikin yake, ba a haɗi sai an rage."

"Injin ɓarawo, mai injin ɓarawo. Da maigidan na nan da ka ji a jikinka."

"Da yana nan da ni da shi ne, ya riƙe mini mata shekara hamsin. Ke ma ai tsufa ya ci miki yatsu uku, wa kika kai ƙara?"

"Ni tsawona na nan yadda yake. Ƙasa ce ta taso."

Ta dogara a fusace, ta nufi ƙofa da niyyar fita. Taku huɗu ta tsaya. Kafaɗar nan da ta shekara tara a ɗage ta sauko ta zauna daidai da 'yar uwarta. Ta je ƙofa ta dawo, ta sake zuwa ta dawo. Tausayinta ya kama shi, har ya rasa abin tsokana.

"Kaka, kuka kike?"

"Hayaƙin injinka ne, marar tsafta. Miƙo min abin da ka yanke."

Ya tsinto guntayen biyu a ƙarƙashin injin. Ta ƙulle ɗaya a gefen mayafinta, ta daɗe tana juya ɗayan a tafin hannu, sannan ta cilla masa tana dariya.

"Ungo naka gadon. Kada ka ce kakanka bai bar maka komai ba."