Ƙwai Ɗari da Hamsin, Farare

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar Alhamis da na tara wa kaina jama'a a wurin aiki, don su zo su ga yadda zan kunyata wata, ƙarshe suka kalli tawa kunyar kyauta.

Ina aiki a wani matsakaicin otal a nan Minna, ta wajen Dutsen Kura. Muna da ɗakunan kwana da kicin da babban ɗakin taro da ake haya don biki. Shekara goma sha ɗaya ni ne mai sayayya. Daga tsintsiya har batirin janareta, ni ake aika. Kwatsam Hajiya mai otal ɗin ta zo da sabon tsari, wai an daina aika mutum kasuwa. Ta ba wani kamfani kwangilar duk sayayyarmu: mu rubuta abin da muke so a fom, su nemo, su kawo har sito.

Ni kuma fa? Hajiya ta ce in zauna ina haɗa mu da kamfanin na wata uku, "mu ga ko akwai buƙatar kujerar." Ko yaro ya san fassarar wannan magana. Ina da iyali, ba ni da wata sana'a, don haka na ƙudura a raina cewa hanya ɗaya ce ta rage mini, wato Hajiya ta ga kamfanin nan ya yi kwaɓa da idonta. (Ba tunanin kirki ba ne, na sani, amma gaskiya nake ba ku.)

Wakiliyar kamfanin wata Banufiya ce 'yar Bida, Madam Fati. Mace mai haƙuri, Hausarta irin ta kasuwa ce, ba ruwanta da namiji ko mace a magana. Kullum roƙona take in cika fom, ni kuwa ina ganin raini ne. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki da baki, yau a ce sai na zauna ina cika akwatuna kamar mai neman gurbin makaranta? Sai dai in danna waya in tura mata saƙon murya.

A makon nan an kama ɗakin taronmu don wata walima ranar Juma'a, ga shi fitilun silin da na bango fiye da rabi sun mutu. Ranar Talata na danna waya na ce, "Madam, ƙwai nake so guda ɗari da hamsin. Farare, manya, kuma a kula kada su fashe a hanya. Alhamis nake son su."

Can sai ga amsarta: "Oga, na gida ko na Turawa?"

Na yi tsaki. Wannan ma tambaya ce? Na ce, "Na Turawa mana! Na gida ai ba sa daɗewa."

Ranar Alhamis bayan la'asar mai gyaran lantarki ya kafa tsaninsa yana jira, sai ga motar kamfani, Madam Fati na ciki. Direba ya buɗe baya, ya fara sauke kiret-kiret na ƙwan kaji. Guda biyar, farare tas, an lulluɓe su da kwali.

Wallahi daɗi na fara ji kafin ɓacin rai. Abin da nake jira wata biyu ke nan! Maimakon in ja Madam Fati gefe mu gyara, sai na aika a kira Hajiya daga ofis. Na ɗaga murya yadda masu kicin da masu shara za su ji, suka kuwa fito.

"Ranki ya daɗe, zo ki ga aikin kamfaninki," na ce. "Ƙwan fitila na ce a kawo, gobe walima, ga abin da suka kawo mana. Ko soya su za mu yi mu rataya a silin? Shekara goma sha ɗaya ban taɓa irin wannan shirme ba!"

Hajiya ta kalli kiret ɗin, ta kalli Madam Fati. Ita kuwa ko gezau ba ta yi ba. Ta ciro waya daga jaka.

"Hajiya, shi ne ya ce kwai. Bai ce na wuta ba. Ku kuna da kicin, ni na ce na kicin ne. Gona uku na je kafin na samu fari, duk ja ne a gari. Bari ka ji shi da kanka."

Ta buɗe saƙon, ta ƙure ƙarar.

Ban taɓa jin muryata ta yi mini muni irin na ranar ba. "Farare, manya, kada su fashe a hanya." Na saurara da kunne biyu ina jiran inda zan ce "fitila" ko "lantarki". Babu. Da aka zo kan "na gida ai ba sa daɗewa", mai girkinmu ta toshe baki da gyale ta koma kicin da gudu, muna jin dariyarta ta taga. Mai lantarki ya sauko daga tsani don kada ya faɗo. Ni kuwa na tsaya da hannu ɗaya a sama, wanda nake nuna kiret da shi, na rasa inda zan ajiye shi.

Tambaya ɗaya Hajiya ta yi mini: "Ina fom ɗin?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, dama..." Ban samu abin da zai biyo bayan "dama" ɗin ba har yau.

Madam Fati ce ta cece ni, ita da na tara wa mutane. Ta ce in shiga mota in nuna mata irin ƙwan da nake nufi kafin a rufe shaguna. Muka je Sabon Gari, shagon wani dattijo da na daɗe ina saye a wurinsa. Ban gama gaisuwa ba ya fara sauko da kwalaye, daidai irin na silin ɗinmu. Da ya ji labarin ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ai kai tun da nake da kai ba ka taɓa faɗin sunan kaya daidai ba. 'Ba ni abin nan' kake cewa, mu muke gane ka."

Wannan ta fi dariyar kicin zafi. Ashe ƙwarewar da nake taƙama da ita, rabinta ta masu shago ce.

An yi walima cikin haske. Ma'aikata sun sha wainar ƙwai har ta gundure su, kuma duk wanda ya ɗauki faranti sai ya leƙo sito ya yi mini godiya. Da wata uku suka cika Hajiya ta kira ni ofis, na shiga. Ta ce ta so ta sallame ni, amma Madam Fati ta ce ana buƙatar wanda ya san kowace kusurwar otal ɗin, in dai zai riƙa rubutawa.

Yanzu ko allura nake so sai na cika fom, in rubuta ta ɗinki ce ko ta asibiti. Kuma na koyi cewa kafin ka tara jama'a su ga kuskuren wani, ka fara shiga ɗaki kai kaɗai ka saurari abin da bakinka ya faɗa.