Masu Ƙirga Sadara

Ranar Litinin na yi awa biyu da rabi a layin mai, ina tura babur taku ɗaya ɗaya kamar mai raka tsohuwa asibiti. Da na iso bakin famfo, mai zuba man ya rataye tiyo ya ce, "Malam, ya ƙare." Na yi masa godiya, don ya faɗa cikin ladabi. Wata uku ke nan da wani Mai Girma ya yi mana alkawarin layin mai zai zama tarihi. Ban ga laifinsa ba. Ni malamin makaranta ne, na san tarihi abu ne da ake maimaitawa kowane zango.

Na turo babur gida, na tarar da autata zaune a falo, abinci a gabanta ya huce. Auta tana aiki a wani kamfani da ke rubuta wa hukumomi manhajar kwamfuta. Watanta takwas a can, ita ce ƙarama a ofis.

"Baba, za a rage ma'aikata ƙarshen wata."

"Wa ya ce?"

"Ba wanda ya ce. An dai tara mu, Babban Darakta ya ce mu duka 'yan gida ɗaya ne. Sau huɗu ya faɗa."

Na ce to, lallai akwai magana.

Ga yadda abin yake, ya ku masu karatu. Ranka ya daɗe Babban Darakta ya kafa Kwamitin Rage Ɓarna, mai mutum tara. Suka yi kwana biyar a otal suna nazarin ɓarna, kowanne da sabuwar jaka mai tambarin kwamiti. Allah ya saka musu da alheri, ba ɗaya a cikinsu da ya taɓa rubuta manhaja, saboda haka ba abin da ya ruɗa su. Suka yanke cewa za a riƙa ƙirga sadarorin da kowane ma'aikaci ya rubuta wa kwamfuta. Aka kafa allo a bango, mai yawa a sama, mai kaɗan a ƙasa. Na ƙasa su ne za su tafi.

To, aikin da aka ba Auta shara ce. An danƙa mata wata tsohuwar manhaja da in ka danna ta sai ka je ka sha ruwa ka dawo kafin ta buɗe. Ta yi mako shida tana tsince tarkace: ta goge sadara dubu huɗu, ta rubuta ɗari uku. Manhaja ta koma buɗewa kafin ka gyara zama. Shi kuwa allo, abin da ka goge cire maka yake yi.

"Baba, ina ƙasa da sifili," in ji ta. "Mai gadi ya fi ni. Shi sifili ne da shi cif."

Maƙwabcina tela, wanda ba ya jiran a gayyace shi magana, ya leƙo ta taga. "Malam, in da yawan zare za a auna ni, wallahi har wuyan riga zan ɗinke. 'Yata, ki cika musu kawai!"

Abokan aikinta ma abin da suka yi ke nan. Abin da sadara ɗaya za ta ɗauka sai a baza shi a goma. Wani ya kwafi abu guda ya liƙa a wuri bakwai, aka naɗa shi gwarzon mako, aka yi masa tafi.

Ita kuwa Auta tsoro ya hana ta sakat. Wayarta ta yi ƙara, sai ta zabura. Ranar Talatar da ta wuce ogansu na ɓangare ya ce, "Zo ina son ganinki." Ta saka kofin shayinta a jaka, ta yi sallama da kujerarta, ta je. Ashe takarda ce ta maƙale masa a na'urar bugawa.

"Baba, in cika ni ma?"

Kunya ta kama ni. Shekara talatin ina ce wa ɗalibai, "Ku cika shafi biyu." Na san yadda ake cikawa: a ƙara girman rubutu, a gai da malami a farko, a sake gaishe shi a ƙarshe. Wataƙila ma 'yan kwamitin nan a irin ajina suka koyi awo.

Na ce mata, "Abu uku. Ki ci abincinki. Ki gyara takardunki na neman aiki ki ajiye, ba don za a kore ki ba, don hankalinki ya kwanta. Sannan ki samu littafi ki rubuta duk abin da kika goge da dalilin gogewa, yadda nake sa yara su nuna hanyar da suka bi a lissafi. Batun cikawa kuma, ke da zuciyarki."

Ta gwada cikawar na rabin awa, ta rufe kwamfutar. Ta ce ji ta yi kamar ta share ɗaki tana dawo da sharar.

Ranar Alhamis aka gayyato Mai Girma Baƙo na Musamman ya ƙaddamar da manhajar, wadda yanzu kowa ya zuba mata nasa ƙwazon. Aka ɗaura wa kwamfuta ƙyalle, masu hoto suka jeru. Mai Girma ya yanke ƙyalle, ya danna. Wani ɗan zobe ya fara juyawa a fuskar kwamfutar, alamar a jira. Babban Darakta ya maimaita jawabinsa. Zobe na juyawa. Shugaban kwamiti ya ce laifin hadari ne, alhali rana tsaka take ƙwal. Sai oga ya lallaɓa bayan ɗaki ya raɗa wa Auta, "Ƙanwata, ki rufa mana asiri."

Ta buɗe littafinta, ta bi shi shafi shafi. Cikin minti ashirin ta share sadara dubu tara, har da na gwarzon mako. Manhaja ta buɗe. Mai Girma ya rungumi Babban Darakta ya yaba da hangen nesansa, aka ɗauki hoto, Auta ba ta ciki.

Jiya takardar ragi ta fito, babu sunanta. A allo har yanzu ita ce ta ƙarshe, ta ma ƙara nutsewa, amma oga ya nuna mata abin da kwamiti ya rubuta a gefen sunanta: "Ba ta da ƙwazo. A riƙe ta saboda ranar baƙi." Mamarta ta ce a yi haƙuri da shedar, tunda ta zo da aiki. An kuma kafa sabon kwamiti mai mutum goma sha ɗaya, don ya binciko abin da ya sami awon na tara. Sun riga sun koma otal.

Ni kuwa yau da safe na ce wa ɗalibaina su rubuta abin da suka sani, in ya ƙare su tsaya. Wata ta kawo mini sadara uku, duk daidai, na ba ta maki cikakke. Ina fita shugaban makaranta ya tare ni a baranda. Ya ce in shirya, masu duba makarantu suna zuwa mako mai zuwa, kuma bana shafuka za su ƙirga.