Yaƙin Cindo da Wuyan Jita Mai Tsirkiya Goma Sha Biyu

Da sunan Wanda Ya miƙe rimi Ya lanƙwasa ƙaho, bai kuwa nemi shawarar kowa ba. Bayan haka, wannan shi ne tarihin sadaukin Funtuwa, garkuwar makaɗa, bangon gabas na masu tsirkiya, Cindo ɗan Barmo ɗan Jatau ɗan Nomau, kamar yadda aka ji shi daga bakin amintattun da suka zauna a inuwa suka gani da idonsu.

Nomau, tushen gidan, shi ne ya rufe gwangwanin kifi da fatar akuya, ya ɗaura masa tsirkiya guda, ya kaɗa kuntigi har mahauta suka bar nama a rana suka bi shi. Ɗansa Jatau ya faɗaɗa daula, ya riƙi gurmi mai tsirkiya biyu. Barmo ya zo da molo mai uku, kuma a zamaninsa ne aka yi babban fatahi, domin shi ya fara shiga motar 'yan kiɗa, ya kafa tuta a kujerar bayan direba, gefen taga, inda iska ke shiga kuma ba a ɗora wa mutum kayan kowa a cinya. Wannan kujera ita ce gadon gidan, ba gona ba shanu.

Shi kuwa Cindo, an haife shi da yatsu shida a kowane hannu, abin da ya sa aka raɗa masa sunan ke nan. Wanzami ya ɗaure na shidan da zare bisa al'ada, suka bushe suka faɗi tun kafin suna. Amma ya tashi yana riƙe da yaƙinin cewa ba a ba mutum yatsu goma sha biyu a banza, ko da an karɓe biyu daga baya.

Ana cikin wannan ni'ima sai annoba ta sauka. Zabiya Tasalla, uwar ƙungiyar, mai motar da lasifikar, ta karɓi wani makami daga hannun ɗan ƙanwarta: Fiyano, akwati mai haƙora farare da baƙaƙe, wanda ke kukan molo da kalangu da algaita, har da tsuntsu in an matsa masa. Ta kira Cindo gefe.

"Ɗan Barmo, motar nan ba ta ƙara faɗi," in ji ta. "Fiyano na son wurin kwanciya, kujerarka ce kuwa ta dace da shi. Ran Asabar muna da biki a Bakori. Ka zo da abin da zai tsaya gabansa, kujera taka ce. In babu, Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

"Uwar ɗakina, kujerar Barmo fa?"

"Barmo ai bai tafi da ita ba."

Sai sadauki ya yi ɗamara, ya sayar da molon ubansa, ya nufi Kaduna, ya kutsa cikin 'yan gwanjon Fanteka, bai fito ba sai da ya kamo wata jita ta lantarki, ja wur kamar gauta, mai kunnuwan ɗaure tsirkiya shida a dama shida a hagu, tsirkiyoyinta na waya jere biyu-biyu, kowace babba da baiwarta siririya a gefe. Da ya ƙirga ya ga goma sha biyu, sai ya dubi tabon hannuwansa, ya san alƙalami ya riga ya bushe.

Sai dai baiwar Allah ta zo da tawaye. Wuyanta ya lanƙwashe kamar bakan maharbi, har tsirkiyoyin suka yi nisa da katakon, kuma masu ruwaya sun haɗu a kan cewa an ga ƙadangare ya wuce ta ƙarƙashinsu bai sunkuya ba. In Cindo ya danna, yatsa ya tsage. In ya sassauta, ta yi kukan ƙofar da ba ta ga mai ba.

Farmaki na farko ya kai shi ne da dabarar kakanni, wadda da ita ake miƙe gorar gurmi tun duniya na kwance. Ya kwashe man shanun da uwargidansa Kande ta ajiye don miya, ya shafe wuyan tun daga kai har kafaɗa, ya gasa shi a bakin murhu yana juyawa kamar mai tsire, sa'an nan ya kwantar da ita ya ɗora mata buhun masara. Da aka ɗage buhun, sai aka tarar jan fentin ya yi bororo, rundunar cinnaku ta kafa sansani a cikin cikinta, wuyan kuwa yana nan a lanƙwashe, sai dai ƙyalli da ya ƙara. Gidan ya ci tuwo da miya babu mai.

Farmaki na biyu, ya nemi taimakon Sarkin Ɗori Baushe, dattijon da ya haɗa ƙashin mutum da na doki, har da na wani zakara mai daraja. Baushe ya sa aka shimfiɗa mata tabarma, ya bi wuyan da babban yatsa a hankali.

"Faɗuwa ta yi, ko duka?"

"Ranka ya daɗe, haka ta zo daga Turai."

"To, targaɗe ne ya tsufa."

Ya yi tofi, ya jera mata karan dawa, ya naɗe da tsumma, ya hana ta ruwan sanyi da doguwar tafiya har sai ta yi arba'in. Cindo ya ambaci Asabar. Baushe ya ce ƙashi bai san Asabar ba. Amma da yake kwance ɗaurin cikin fushi, farcensa ya ɓalle wani ɗan murfi a gindin kunnuwan, sai ga rami, a cikin ramin ga kan wani ƙarfe da ya ratsa wuyan tun daga sama har ƙasa.

"Ashe tana da ƙashin bayanta na ƙarfe," in ji Sarkin Ɗori, yana karkaɗe riga. "Wannan ba haƙƙina ba ne, na makaniki ne. Ni dai abin da na sani, wuya ko na jaki ne, kaya ke karya shi."

Makanikin bakin tasha ya ara wa sadauki takobin da ya dace, wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba, wanda suke kira alanki. Ya yi masa wasiyya cewa irin wannan abu kaɗan-kaɗan ake murɗa shi, a jira, a sake dubawa. Cindo ya yi godiya, amma a ransa ya san mazan gidan Nomau ba su gaji kaɗan-kaɗan ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka ja daga a tsakar gida, kaji na kallo. Sadauki ya danne jitar da gwiwa, ya soka alanki a ramin, ya yi kirari: "Sai ni Cindo na Barmo, mai yatsu biyu a ajiye!" Ya murɗa dama da ƙarfin da ake murɗa wuyan rago, katako ya yi ƙara, wuya ya miƙe, ya wuce miƙewa, ya banƙare baya, tsirkiyoyi suka kwanta a kan ƙarafan da aka gitta musu suna zuza kamar an taɓa gidan rina. Ya murɗa hagu, suka tashi sama suka koma inda ƙadangare ya san su. Kowace murɗa kuma sai ta rusa saitin murya, dole ya bi kunnuwa goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya yana karɓar mubaya'a. Kafin ya gama da ta ƙarshe, ta farko ta warware alkawari, in babba ta yi biyayya baiwarta ta yi tawaye, in ya lallashi baiwar sai maƙwabta su ɗauki gaba, har ya gane dalilin da ya sa sarakunan da ƙasarsu ta cika faɗi ba sa yin ƙiba.

Dama, hagu, dama, hagu, gumi ya jiƙa ɗamara, inuwa ta bar gindin bango. Can sai alanki ya juya a sake, ya sake juyawa, babu abin da ya kama. Kan ƙarfen ya cinye. Ƙashin baya ya fita daga yaƙi, ya bar wuya a lanƙwashe kamar ranar farko.

A nan ne ƙananan maza ke neman sulhu. Amma Cindo ya tuna maganar Sarkin Ɗori, ya dubi rundunar da ke jan wuyan nan dare da rana, ya yanke hukunci irin na manyan sarakuna: a rage kaya. Ya fara da bayi, sirara shida. Biyar suka sauka lafiya, ta shidan ta tsinke ta zabge shi a gira, kuma wannan ne kaɗai jinin da aka zubar a yaƙin, in an cire na cinnaku. Ya ɗaga jitar ya hanga ta tsawonta da ido ɗaya kamar mai duba bindiga. Ta ɗan miƙe. Ya sauke biyu daga manyan, ta ƙara. Ya sauke ɗaya, ya kai adadin Barmo, bai tsaya ba. Ya wuce Jatau bai waiwaya ba. Da tsirkiya ta rage guda, sai wuyan ya miƙe sambal kamar hanyar jirgi, kunnuwa goma sha ɗaya suka zauna babu aiki.

Safiyar Asabar ya isa bakin mota, gira a kumbure, jita a kafaɗa. Zabiya ta sa aka jona ta da lasifika. Sadauki ya gyara tsayuwa, ya kaɗa. Murya ta fita tas, siririya, mai kaifi, har wani tsohon mahauci da ke wucewa da tire ya tsaya cak, ya ce rabonsa da jin wannan tun yana yaro.

Zabiya ta saurara har ya kai aya.

"Ɗan Barmo," ta ce, "ashe kuntigi ka je Kaduna ka sayo? Da ka faɗa, ai ina da gwangwanin kifi a gida."

Duk da haka ita mace ce mai alkawari, kuma ta ga jan ya yi kyau a hoto. Ta yi hukunci cewa kujera ta tabbata ga gidan Nomau. Jitar, da yake yanzu wuyanta ya miƙe ba ya shiga ko'ina, a ɗaure ta a saman mota tare da tabarmi. Fiyano kuwa ba ya son rana, ba ya son girgiza, sai an sami mai hankali ya riƙe shi a cinya, kuma a rufe taga kada iska ta shigar masa.

Ganimar yaƙi, wayoyi goma sha ɗaya, Kande ce ta gaje su. Tana shanya da wasu, tana yanka sabulu da siraran. Shi kuwa sadaukin Funtuwa, garkuwar makaɗa, wanda duk ya tsaya a hanyar Bakori ranar biki zai gan shi a kujerar kakanninsa, bayan direba, taga a rufe, rungume da Fiyano da yatsu goma, yana roƙon direba ya bi ramuka a hankali.