Ɗan Baƙin Akwatin Da Na Ɗauka Gyara Ne

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai mahaifiyar Oga Idi ba, kuma ko na so in manta, 'yan Ƙofar Marusa ba za su bari ba.

Oga Idi mai rewaya ne, wato gyaran wayoyin mota. Wata ukku na yi a garejinsa na gudu, wai na ƙoshi da ilimi. (Abin da na iya kau bai wuce canza ƙwan fitila da naɗa baƙin tef ba.) Amma a majalisa Injiniya ake ce mani, ni kuma in amsa har da ɗaga hannu.

To, Kawuna Alhaji yana da wata tsohuwar jif mai ja da ƙafa huɗu da yake zuwa gona da ita. Ya ce in na natsu, bayan damina ni zai ba tuƙinta. Shekara biyu ina zaman banza, wannan ce kaɗai ƙofar da ta buɗe mani. Rannan ya sawo manyan fitilu guda huɗu na ɗaurawa bisa rufi, ya ce a kai ma Oga Idi.

Na ce, "Haba Kawu, ina gidan nan? Wannan ai aikin shan shayi ne."

"Kai, ka tabbata?"

"Kawu, ni fa waya tsorona take."

Na ɗaure fitilu tsaf. Na samo wata siririyar waya a ɗaki, na jawo wuta daga batir kai tsaye, na cusa ta ƙarƙashin sitiyari cikin sauran wayoyi, na sa maɓalli. Na kunna, haske fau! Na kashe. Da na ida, sai ga wani ɗan baƙin akwati mai ƙafa huɗu ya rage cikin kwali, da fis ɗinsa. Na juya shi, na sake juyawa. Na ce a raina, halan gyara ce suka sako, irin wadda mai gyaɗa ke ƙara maka in ka saya da yawa. Na jefa aljihu.

Kwana biyu bayan nan tsohuwar Oga Idi ta rasu. Matar nan, lokacin da nake gareji, ba ta taɓa aiko mashi da fura ba ta sa tawa ba. Bayan La'asar aka yi salla, Kawu ya miƙo mani makulli ya ce in ɗauki dattawa zuwa maƙabarta. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, gari ya yi duhu tun da marece. Sai shaiɗan ya ce mani, ga ranarka. Na kunna fitilu. Da muka isa na aje motar tana kallon jama'a, na bar su kunne, wai don a ga aiki da kyau. (Ƙarya nake. Don a tambayi wa ya haɗa ne.)

An sa ta, an jera itace, ana miƙa ƙasa. Ba ka jin komai sai sautin tafin hannu bisa laka da liman yana addu'a ƙasa-ƙasa. Sai na ji ƙaurin roba.

Kafin in waiga, hon ya ɗauka. Ɗiiiii! Ba tsayawa. Ashe siririyar wayata ta yi zafi ta narke, ta manne da ta hon. Na ruga, hayaƙi na fita ta ƙasan sitiyari. Na danna maɓalli, ya narke a hannuna. Na bugi sitiyari. Na zare makulli, wanda dama ba ruwansa. Liman ya katse addu'a. Mutum sama da ɗari sun juyo suna kallona cikin hasken fitiluna, kowace fuska ina ganinta tarwai.

Na buɗe bonet, ba ni da sifana. Injiniya guda.

Sai ga Oga Idi ya taso daga bakin kabarin uwarsa, hannu duk laka, ido jawur. Ya laluba aljihu ya ciro sifana lamba goma, ya kwance kan batir. Shiru ya dawo, irin wanda ya fi hon ciwo. Ya bi wayar da ido, sannan ya dube ni.

"Ina rile ɗin?"

"Wane, Oga?"

"Ɗan baƙin akwatin da ke hana maɓalli da waya ƙonewa. Da fis."

Na sa hannu aljihu na ciro. Na ce, "Na ɗauka gyara ce."

Ya daɗe yana kallon abin a tafina. Ya ce, "Shi ne gyaran, ɗana." Ya koma ya ida rufe mahaifiyarsa.

Da zagina ya yi, da na samu sauƙi.

Kawu bai yi faɗa ba shi ma. A ƙofar maƙabarta ya miƙo hannu, na sa mashi makulli, shi ke nan zancen tuƙi. Ƙasa na tako har gida cikin ruwa. Kwana ukku ana zaman makoki ban iya zuwa gaisuwa ba, sai rana ta huɗu na je da asuba na duƙa. Oga ya ce Allah ya ba da lada, in zo gareji in share.

Yanzu wata bakwai ina shara da wanke sifanu. A majalisa an sauya mani suna, Gyara. Abin da na koya ɗaya ne: in ka ida aiki ka ga wani abu ya rage cikin kwali, ba son ka mai kamfani yake ba. Koma ka tambaya.