Yadda Za Ka Zama Gwanin Fim Ɗin da Ba Wanda Ya Taɓa Gani

In ka bi matakan nan yadda aka jera su, na yi maka alkawari kafin ruwan kogi ya janye za a riƙa miƙa maka kofin farko na shayi a kowace fada, wato majalisar masu shan shayi, ta garin Gaya: mai kumfa, mai ɗaci, wanda ake ba mutumin da ake jin maganarsa. Ba ka buƙatar ilimi. An ga masu ɗaki cike da littattafai suna shan ragowa. An gwada wannan hanya a kan Jibo, tela a bakin tashar manyan motoci, wanda ya daɗe yana shan kofin ƙarshe, ruwan sukarin nan mai ɗumi da ake ba wanda aka manta yana wurin.

Mataki na 1: Raina duk abin da jama'a suka gani

Fim ɗin da kowa ya kalla ba ya ƙara maka daraja. In ana hirar rawar Indiya ko damben ƴan Sin, kada ka tanka. Dubi wajen gadar kan iyaka, ka yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya taɓa cin tuwo a gidan da ya fi wannan. Haka Jibo ya dinga yi, har Auta, mai dafa shayin fadar, ya tambaye shi ko haƙori ke damunsa.

Mataki na 2: Nemi lungun da ba ya ɗaukar mutum biyu

Kada ka ce kana son fim ɗin yaƙi. Ko ɗan kabu-kabu yana so. Ka ce kai ba ka kallo sai wanda mugun da ke cikin fim ɗin ke fama da tari. Ko wanda firigo, na sanyaya ruwa, ne jarumi. Ko wanda ake ruwan sama tun daga farko har ƙarshe amma ba wanda ya jiƙe. Jibo ya zaɓi abin da ya kira fina-finan jira, waɗanda mota ba ta motsawa a cikinsu. Ya ce wasu tsofaffi ne a wata ƙasa mai sanyi suka yi su, babu kala, daga baya suka tuba.

Mataki na 3: Raɗa wa guda ɗaya suna

Na Jibo sunansa Albasa Ta Tsiro. Direba ne ya iso iyaka da kamiyo, babbar motar kaya, cike da albasa, yana jiran takardar izinin wucewa. Ya wanke riga, ya shanya a madubi. Ya ci abinci. Ya sake wanke rigar. A ƙarshe albasa ta fitar da ganye ta cikin buhu, shi ke nan fim ya ƙare.

Rabin ƴan fadar direbobi ne masu jiran tsallake gada. Wani ya goge ido da gefen rawani, ya ce hayaƙin gawayi ne.

Mataki na 4: Ajiye kaset ɗin a hayin gada

Za a nemi a gani. Kada ka firgita. Kowa ya san abin da babu a Gaya yana Malanville, garin hayin gada, abin da babu a Malanville kuma yana Parakou wurin wani mutum da ya yi tafiya. Haka Jibo ya faɗa musu game da kaset ɗin. Ran nan Auta ya tsallake dattawa, ya miƙa wa Jibo kofin farko. Jibo ya kurɓa, ɗacin ya kusa tsinke masa hanji, ya ji daɗin da bai taɓa ji ba.

Kada ka kai labarin gida. Hajo, matar Jibo, ta tuna masa cewa shi fa ko tele aka kunna, barci ke kwashe shi tun ana rubuta sunayen ƴan wasa. Mai mata yana da wanda zai yi masa dariya. Wanda tasa ta rasu ya fi shiga haɗari, don ba mai tsayar da shi.

Mataki na 5: Bar direbobi su yi maka dako

Labari a bakin direba ba ya biyan kuɗin mota. Ya gangara har Cotonou, ya dawo ya yi ƙiba. Wata mai soya kifi ta ce ta kalli fim ɗin tana ƙarama. Wani ya rubuta sunan fim ɗin a bayan kamiyonsa. Masoyansa suka ƙirƙiro gaisuwa: ɗaya ya ce ta tsiro, ɗayan ya amsa tana tsirowa. Jibo ya daina karɓar facin wando, ya ce ba girmansa ba ne.

Mataki na 6: Kada ka yi gardama a kan akuya

Nan ne Jibo ya kife, nan kuma kai ma za ka kife.

Wata la'asar wani direba, Alhaji Yusha'u, ya sauko daga mota da ƙurar Parakou a gira, ya sanar da fada cewa Allah ya nufe shi da ganin fim ɗin. Ya ce abin da ya fi taɓa shi shi ne inda takardar ta iso, akuya ta cinye ta.

“Alhaji, ba akuya a ciki,” in ji Jibo.

“Malam Jibo, akuyar da ta sa ni kuka?”

Mai soya kifi ta leƙo ta ce ita ma akuyar kaɗai take iya tunawa. Wanda ya goge ido kwanaki ya ce ai dama saboda akuyar ya goge. Jibo ya duba hagu da dama, ya ga hanya biyu ce gabansa: ko ya ce shi ya ƙago fim ɗin, ya zama maƙaryaci, ko ya dage, ya zama wanda bai gani ba. Ya dage. Ya rantse babu ko kaza.

Auta ya ɗaga buta sama, ya tsiyaya, kumfa ta hau. Ya riƙe kofin a tsakaninsu kamar alƙali.

“Ka yi haƙuri, tela,” ya ce. “Wataƙila naka kaset ɗin na jabu ne.”

Kofi ya tafi hannun Yusha'u.

Mataki na 7: Koma ka ga akuyar

Ba ka da sauran zaɓi. Washegari Jibo ya zo ya zauna a bakin tabarma, ya ce ya kwana yana tunani, lalle kamar ya ga wutsiyar wani abu ta bayan taya. Aka yi masa barka da dawowa cikin hayyaci, aka shawarce shi ya riƙa sauraron manya, aka miƙa masa kofin ƙarshe. Har yau a nan yake zama, Yusha'u na ba shi labarin fim ɗinsa, shi kuma yana gyaɗa kai. Ya koma karɓar facin wando.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ya yi alkawarin za a miƙa maka kofin farko. Bai ce za a bar maka shi ba. Ba ruwansa da ciwon cikin da ɗacin zai jawo, ko dariyar matarka, ko tafiyar banza zuwa Parakou. Wanda ya rasa mazauninsa a fada kada ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, ba mai buɗewa. Masu zuwa tambaya kuma su huta: akuyar ja ce, ƙahonta ɗaya a karye.